Kunya Da Ciwon Da Matan Aure Ke Ɓoyewa

 

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, maganar da za mu yi a wannan mako mai nauyi ce a baki, na kuma daɗe ina jinkirin ɗauko ta. Abin da ya sa na ɗauko ta yau shi ne wani labari da wata malamar Islamiyyar matan aure a ƙasar Kazaure ta aiko mini ta hannun maigidanta. Ta ce wata rana suna karatun babin tsarki, da aka tashi sai wata ɗaliba, uwar 'ya'ya biyar, ta tsaya a baya, ta sunkuyar da kai ta ce tana da tambaya. Ashe shekara biyu ke nan tana fama da wani ruwa mai wari da ƙaiƙayi da ke fito mata ta gaba. Ba ta faɗa wa mijinta ba don kada ya zarge ta, ba ta faɗa wa kishiyarta ba don gudun gori, ba ta kuwa je asibiti ba don ba ta san da wane baki za ta nemi izinin fita ba. Abin da ya fi tayar wa malamar hankali shi ne, duk ranar da ruwan ya yawaita sai baiwar Allah nan ta bar salla, tana tsammani hukuncinsa ɗaya ne da na jinin haila. Da malamar ta tambaye ta dalilin wannan dogon shiru, sai ta ce, "Malama, kunya ce."

To, jama'a, ga tambayar da nake so mu yi nazarinta tare. Mun tashi mun tarar da iyayenmu suna cewa kunya adon mace ce, malamanmu kuma sun karantar da mu cewa kunya reshe ce daga rassan imani, kuma ba ta zuwa da kome sai alheri. Amma ga kunya ta sa wata ta bar farilla, ta kuma zauna da ciwo a jikinta har shekara biyu. Shin wannan ita ce kunyar da addini ya yaba? In kuwa ba ita ba ce, alhakin wa ke nan, nata ko namu?

Malamai magabata sun riga mu fuskantar wannan tambaya. Imamu Nawawi, a sharhin da ya yi wa Sahihu Muslim, ya kawo bayanin cewa abin da ke hana mutum faɗin gaskiya ko ba da hakki, ko da mutane sun kira shi kunya, a haƙiƙa rauni ne da gazawa, kamannin da yake yi da kunya ne kawai ya sa aka ara masa sunanta. Kunya ta gaskiya hali ce da ke sa mutum ya bar abin ƙi, ta kuma hana shi tauye hakkin mai hakki. Jiki kuwa yana da hakki a kan mai shi, salla kuma hakkin Allah ce. Sabo da haka duk abin da ya sa aka tauye waɗannan biyu ya fita daga sahun kunyar da aka yaba.

Mu dubi matan Sahabbai, waɗanda babu macen da za ta ce ta fi su kamun kai. Ummu Sulaim, Allah Ya yarda da ita, ta zo gaban Manzon Allah ta tambaye shi hukuncin macen da ta yi mafarki, ko wanka ya wajaba a kanta, alhali Ummu Salama tana wurin har ta rufe fuskarta. Manzon Allah bai tsawata mata ba, amsa ya ba ta. Faɗimatu 'yar Abu Hubaish ta kawo ƙarar jinin ciwo da ba ya ɗauke mata, ta tambaya ko ta bar salla, aka bayyana mata cewa wannan ba haila ba ne, ta ci gaba da sallarta. A cikin Muwaɗɗa Malik an ruwaito cewa mata kan aika wa Nana A'isha da auduga mai ɗauke da alamar abin da suka gani a ƙarshen al'ada, domin ta duba ta gaya musu ko sun yi tsarki, ita kuwa takan ce kada su yi gaggawa sai sun ga farin ruwan nan da ke nuna ɗaukewar jini. Ita ce kuma ta yabi matan Madina da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Ashe ke nan abin da matanmu ke jin nauyin ambatawa a yau, a zamanin da ya fi kowane zamani alheri har aike ake yi da shi gidan Uwar Muminai.

Game da hukunci, abin da ya kamata kowace mace ta riƙe shi ne, ruwan da ke fitowa a kwanakin tsarki, wanda ba jini ba ne, ba ya hana salla, ba ya hana azumi, ba ya kuma wajabta wanka. Malamai sun yi saɓani a kan tsarkinsa da kuma warware alwala da shi, amma babu wanda ya ce a bar salla dominsa. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da ke fita ba da ikon mutum ba, in ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala, sai dai an so ya sabunta ta in babu wahala. Mai Risala ma ya ambaci mai jinin ciwo da mai yoyon fitsari, ya ce an so su yi alwala ga kowace salla. Wannan sauƙi yana nan rubuce cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, sai dai bai ƙetare zaure ya shiga cikin gida ba.

Ta fannin likita kuwa, wajibi ne a rarrabe tsakanin abu biyu. Akwai ruwan da yake halitta ne ga kowace baligar mace, fari ko garai-garai, ba wari, ba ƙaiƙayi, ba zafi. Yakan ƙaru a tsakiyar kwanakin tsarki da lokacin goyon ciki, kuma da shi ne jiki ke wanke kansa. Allah cikin hikimarSa Ya ajiye waɗansu ƙwayoyin halitta masu amfani a wurin, suna sa shi ya zama da ɗan tsami, tsamin nan kuwa shi ke hana miyagun ƙwayoyi zama. Wannan ba ciwo ba ne, ba ya bukatar magani, kuma mata da yawa suna ɓarnar kuɗi da kwanciyar hankalinsu wajen yaƙi da abin da lafiya ce.

Na biyu shi ne wanda ya sake kama ko wari, kuma duk da cewa mukan haɗa su mu kira su "sanyi", iri-iri ne, kowanne da sababinsa da maganinsa. Akwai mai kauri fari kamar kindirmo, mai tsananin ƙaiƙayi, wanda yakan yawaita ga masu ciki, da masu ciwon sukari, da waɗanda suka sha kafso barkatai. Likitoci sun ce wajen kashi uku cikin huɗu na mata sukan gamu da shi ko da sau ɗaya ne a rayuwarsu. Akwai tsararo mai ƙarni irin na kifi, wanda ke zuwa idan ƙwayoyin nan masu amfani suka ragu. Waɗannan biyu suna iya samun macen da ba ta san kowa ba sai mijinta. Sa'an nan akwai waɗanda ake ɗauka ta wurin saduwa, kamar mai kumfa rawaya ko kore-kore, da ciwon sanyi na ainihi mai fitar da mugunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an sami sababbin kamuwa miliyan 374 da cututtuka huɗu na saduwa waɗanda ake iya warkarwa. Idan aka bar irin waɗannan ba magani, sukan haura su toshe hanyoyin mahaifa, mace ta daina haihuwa, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa, ko kuwa jariri ya fito da ciwon ido. Sau nawa aka ɗora wa aljanu ko kishiya laifin rashin haihuwar da asalinsa ciwo ne wanda magani na 'yan kwanaki zai kawar?

Akwai kuma wanda ya fi waɗannan haɗari. Ruwa mai wari gauraye da jini, musamman ga macen da ta manyanta ko ta daina al'ada, ko jinin da ke biyo bayan saduwa, yana iya zama alamar sankarar bakin mahaifa. A shekarar 2020 an ƙiyasta cewa mata wajen 12,000 ne suka kamu da ita a Nijeriya, wajen 8,000 kuma suka rasu, alhali ciwo ne da ake iya tarewa in an gano shi da wuri. A watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da aka fara da su.

To, me ya sa wata mace ta fi wata faɗawa cikin wannan wahala? A nan ne maganar ta bar hannun likita ta dawo hannunmu, domin yawancin dalilan daga yanayin zamanmu suke. Na farko shi ne ruwa. Wanda ya san ƙauyukan da ke cikin duwatsun Roni da Gwiwa ya san yadda ruwa ke tsada da bazara. Macen da tulu ɗaya za ta raba tsakanin girki da sha da alwalar maigida, da wane za ta wanke ƙunzugunta? In ma ta wanke, kunya ba ta barinta ta shanya shi a rana, sai ta cusa shi ƙarƙashin gado ya bushe da danshi. Inda kuma ruwan yake kwance, kamar bakin madatsar ruwa ta Kazaure da kududdufai da fadamun noman rani, akwai haɗarin tsargiya, wadda ake ɗauka ta wurin shiga ruwan da katantanwa mai ɗauke da ita ke ciki. Mun san ta da sa yara maza fitsarin jini, amma kaɗan ne suka san cewa ƙwanta yakan maƙale a bakin mahaifar mace, ya jawo fitar ruwa da jini da ciwon mara. Yarinya tana iya ɗaukarta wurin wanki tun tana shekara takwas, ta shiga ɗakin miji da ita, a zo ana yi mata kallon mai laifi.

Na biyu shi ne shekaru da yawan haihuwa. Likitoci sun tabbatar cewa bakin mahaifar yarinya ƙarama ya fi na babbar mace saurin kamuwa da cuta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna cewa a Arewa maso Yamma mace takan haifi 'ya'ya fiye da shida, bisa matsakaicin lissafi. 'Ya'ya rahama ne, amma kowane ciki da kowace haihuwa suna barin jiki da bukatar kulawa, balle haihuwar gida da aka yi da kayan da ba su da tsabta.

Na uku shi ne abin da mata ke sa wa kansu da sunan gyara. Cushe-cushen kayan mata, da matsi, da wanke ciki da sabulu ko ruwan magani ko turare, duk suna kashe ƙwayoyin nan masu tsaron wurin, su buɗe wa ciwo ƙofa. Mace ta kashe kuɗinta don ta faranta wa miji, ta sayo wa kanta abin da zai kore shi. Haka nan zuwa kemis a ce "a ba ni maganin sanyi", a haɗo kafso kala uku ba tare da gwaji ba, yakan danne ciwon na 'yan kwanaki ya dawo da ƙarfinsa.

Na huɗu, wanda ya fi nauyin faɗi, shi ne mu maza. Da yawa daga cikin cututtukan nan namiji yakan ɗauke su ba tare da ya ga wata alama a jikinsa ba. Wani ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal ya yi wata shida, Shaiɗan ya rinjaye shi, ya dawo wa iyalinsa da tsarabar da ba su roƙa ba. Wani kuwa bai taɓa saɓo ba, amma ya auri bazawarar da tsohon mijinta ya bar mata ciwo. A gidan da ke da mata biyu ko uku, in aka yi wa ɗaya magani aka bar miji da sauran, kafin kwana ya zagayo ciwon ya koma inda ya fito. Auri-saki da ya yi mana katutu shi ma yana ɗaukar ciwo daga wannan gida zuwa wancan. Shari'a ta halatta mace fiye da ɗaya bisa sharaɗin adalci, yana kuwa daga cikin adalci kada miji ya zama shi ne mai raba cuta tsakanin matansa.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne da wannan hali. A ƙasar Indiya, wata likita mai suna Rani Bang da abokan aikinta sun duba mata 650 a ƙauyuka biyu na gundumar Gadchiroli, suka buga sakamakon a 1989. Sun tarar kashi 92 cikin 100 suna da wani ciwo na mata, amma kashi 8 kacal ne aka taɓa dubawa a rayuwarsu. Talauci da rashin karatu da nisan asibiti da jin nauyi, duk inda suka haɗu, abin da suke haifarwa ɗaya ne.

Yanzu sai mu koma ga tambayarmu ta alhaki. Baiwar Allah nan ta ce kunya ce ta hana ta magana, amma in aka tona za a tarar tsoro ne, tsoron zato. Ta san cewa da ta buɗe baki, abin da zai fara zuwa zuciyar mai gidan shi ne, "A ina ta samo?" Allah kuwa Ya hore mu a cikin Suratul Hujurat da mu nisanci yawan zato, Ya kuma yi tsananin gargaɗi a cikin Suratun Nur ga masu jifan mata kamammu. Tun da mun ga cewa mafi yawan wannan ruwa ba ya da alaƙa da alfasha, wanda ma ake ɗauka ta saduwa sau da yawa ta hannun mijin ya iso, to wanda ya zargi matarsa a kansa ya haɗa jahilci da zalunci. Haka nan matar da ta ga alama ta yanke cewa mijinta mazinaci ne, ita ma ta yi gaggawa. Gidan da mace ba ta iya cewa "ba ni da lafiya" sai ta auna abin da zai biyo baya, maigidan ne ya kamata ya ji kunya.

Wani zai ce, "Ai malamai sun ce maganin mace ba ya kan miji." Gaskiya ne akwai wannan magana. Mai Muhtasar ya lissafa ladan ungozoma cikin abin da ke kan miji, ya fitar da kuɗin magani da na ƙaho. Amma a duba zamanin da aka yi wannan hukunci, lokacin da magani saiwa ce da ganye, samun sauƙi da shi kuma zato ne. Malamai na wannan zamani, irin su Shaihu Wahbatuz Zuhaili na ƙasar Sham, sun ce a yau bukatar magani ta zama kamar bukatar abinci, har ma takan fi ta, sabo da haka yana cikin ciyarwa. Ko da ma mun tsaya a kan maganar farko, iyakarta abin da alƙali zai tilasta ne. Umurnin zama da mata da kyautatawa ya fi faɗin abin da alƙali ke tilastawa. Wace irin kyautatawa ce mutum ya more lafiyar mace, ranar da ta kwanta ya ce ta nemi ubanta? In kuwa ta hannunsa ciwon ya zo, ai babu sauran gardama, domin wanda ya yi ɓarna shi ke biya.

Wani kuma zai ce, "Ni ba na yarda namiji ya duba iyalina." Kishi abin yabo ne, kuma abin da ya fi shi ne mace ta duba mace. A babban asibitin Kazaure da ƙananan asibitocin ƙasar akwai ungozomomi da malaman asibiti mata, sai a fara neman su. In an rasa, malamai sun halatta likita namiji ya duba gwargwadon lalura, tare da miji ko muharrami ko wata mace a wurin. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sa'an nan mai wannan kishi ya tambayi kansa, 'yarsa tana makaranta kuwa? Samar da likitoci da ungozomomi mata farilla ce ta kifaya a kan al'umma. Ba ya yiwuwa mu hana 'ya'yanmu mata karatu, sa'an nan mu yi fushi don ba mu tarar da mace a ɗakin awo ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajis ƙauye-ƙauye su koyar da mata tsarki da salla a cikin gidajensu. Hanyar nan tana nan, malaman Islamiyya mata su ne magadanta, kuma zai kyautu su riƙa gayyato ungozoma ta zauna da su ranar da za a karanta babin haila.

Sabo da haka, 'yar'uwa, in kin ga ruwan ya sake kama, ko yana wari, ko da ƙaiƙayi, ko ciwon mara, ko jini a ba lokacinsa ba, kada ki bar salla, kada kuma ki yi cushe. Ki faɗa wa mijinki, ki je a gwada, ki shanye maganin yadda aka ce ko da kin ji sauƙi. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Kai kuma ɗan'uwa, kada ka jira sai ta faɗa, ka riƙa tambayarta lafiyarta da sakin fuska. In likita ya ce a zo da miji, ka je, ka kai sauran iyalinka, ku haƙura da juna har magani ya ƙare. Limamai kuma su sani cewa mazan da ke sahu ranar Juma'a su ne masu ba da izinin fita da kuɗin mota, huɗuba ɗaya a kan wannan tana iya ceton gidaje da yawa.

Ita dai baiwar Allah da muka fara da labarinta, malamar ta sa maigidanta ya yi wa nata mijin magana a asirce. Mutumin ya yi shiru, sa'an nan ya ce wallahi bai taɓa sani ba, washegari kuwa ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti. Yanzu tana rama sallolinta. Shekara biyu suna kwana ɗaki ɗaya bai sani ba, wannan shi ne abin da ya kamata kowane magidanci ya tsaya ya yi tunani a kansa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanya tausayi da amana a tsakanin ma'aurata, Ya ba mu kunyar da za ta hana mu saɓa maSa. Allah Shi ne Mafi sani.